Ranar da Na Tare Ruwan Turawa

Duk faɗin Tamale, daga Tishigu zuwa Zogbeli har ka dangana da rugagen bayan Dungu, ba za ka sami mutum na biyu da ya taɓa tsayar da kogi da hannunsa ba. Ni kaɗai ne, Isaka malamin dabbobi. Kuma ba kogin ƙauye na tsayar ba, kogin Ingila ne, a gaban jama'ar gari guda, da makaɗansu da limamin cocinsu. In na faɗi haka a rumfar mai shayi, samari sukan saki baki. Tsofaffin da suka san ƙarshen zancen kuwa sai su ce, "Malam Isaka, gaya musu zurfin kogin." To, zurfinsa iya ƙirjina ne. Faɗinsa kuma, in ka yi atishawa mai kyau, na wancan gefen zai goge fuska. Amma dai na tsayar da shi.

Ga yadda aka yi. Ba a daɗe da sauke tutar Turawa an ɗaga tamu ba, sabuwar gwamnati ta shiga tura mutane waje su koyo aiki. Ni da nake yi wa shanun Fulani allura a bayan gari, sai aka ce in tafi wata gona a tsakiyar Ingila in gano yadda saniya ɗaya take cika bokiti biyu. Aka ba ni takarda mai hatimi. Abin da ke cikinta gajere ne: in kai kaina gonar ranar wata Litinin da safe, in ban je ba a ba wani gurbina, ni kuma a sa ni a jirgin da zai komo gida. Ka tuna da ganguna aka raka ni tashar lori. Mutumin da aka raka da ganguna, da wane ido zai dawo bayan wata guda ya ce wai ya makara?

Ranar Laraba muka sauka a tashar jiragen ruwa. Ban gama gane gabas da yamma ba sai ga wani Bature fes-fes da kwat, takalminsa kana ganin fuskarka a ciki. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce ya ji labarin 'yancinmu, yana taya mu murna. Na ce a raina, ashe har nan an san da zuwana. Ya ce shi ne mai tarbar ɗaliban sababbin ƙasashe, in ba shi ambulan da tikitin jirgin ƙasa da guzurina suke ciki ya kai ofis a buga hatimi. Na ba shi, har da godiya. Ya nuna mini wani ginshiƙi ya ce in tsaya nan kada in motsa. Jama'a, na tsaya. Tun hantsi nake tsaye har la'asar, har wata tattabara ta fara shawarar yin sheƙa a hulata. Da na yi wa wani ɗan sanda bayani, sai ya rubuta a ɗan littafinsa, ya girgiza kai, ya ce in aika wa ofishinmu na Landan wasiƙa, amsa za ta zo cikin kwana goma. Ni kuwa kwana biyar gare ni. Takardar gonar kaɗai ta tsira, don ita a cikin hula na ɗinke ta.

Na ɗora akwati a ka na kama tafiya, ban san inda na nufa ba, ƙafa ce kawai take ja. Can bayan wasu manyan ɗakunan ajiya na faɗa bakin wani ruwa miƙaƙƙe, sai ka ce da zare aka ja shi, gefe da gefe ginin bulo. Ba kogin da ya tsaga wa kansa hanya ba ne. Mutane ne suka haƙa shi da shebur tun zamanin kakannin kakanninsu, suna ce masa kanal. A kansa ga wani jirgi dogo siriri maƙil da kwal, a gabansa kuma ga wani doki da igiya. Ban taɓa ganin irinsa ba: kofatonsa kamar turmi, bayansa in ka shimfiɗa tabarma mutum uku za su ci tuwo. Sai dai yana ɗingishi, wani tsoho mai jar fuska yana zaginsa yana kuma shafa masa wuya.

Mutum ko yana cikin baƙin ciki, aikinsa ba ya barinsa. Na sauke akwati, na ɗaga ƙafar dokin na matse ta a cinyata, na zaro wuƙa na ƙwaƙulo wani guntun ƙarfe da ya shige. Na nemi gishiri da ruwan zafi. Wata tsohuwa gajera mai faɗi ta leƙo daga cikin jirgin ta miƙo.

Tsohon ya ce, "Kai kuma daga ina?"

Na ce, "Daga Tamale."

Ya ce, "Ina ne nan?"

Raina ya ɗan ɓaci. Na ce, "Babban birni ne, Baba. Ya fi naku rana nesa ba kusa ba."

Ya dubi sama, ya ce wannan kam ba sai na rantse ba.

Sunansa Harol, ni kuwa Baba Haro na sa masa. Matarsa Iya Dora, dokin kuma Kyaftin. Na farke hulata na nuna musu takarda. Iya Dora ta bi ta da yatsa baƙi-baƙi har ƙasa, ta ce gadar da ke gindin wannan gona a kan hanyarsu take, in doki ya yarda Litinin da sassafe suna can. Baba Haro ya sosa haɓa ya ce, "To, ka kula da ƙafarsa, mu kula da cikinka." Haka na zama ma'aikacin jirgi, ni da tun da aka haife ni ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba.

Kwana biyu muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Kyaftin yana taku a kan 'yar hanyar da ke bakin ruwa, ni ina gefensa, jirgi yana bin mu shiru. Doki ɗaya, jama'a, yana jan kayan da lori biyar za su yi nishi a kansu. Ɗakin da tsofaffin nan suke ciki bai kai rumbun gero ba, amma akwai murhu, akwai gado mai naɗewa, ga faranti jere a bango, ga tagulla tana walƙiya ko'ina. Ni a kan kwal nake kwana, ƙarƙashin tamfol, cikin batakarina biyu, rigunanmu na saƙi, ina karkarwa, suna ce mini wai yanzu ne lokacin zafinsu. Ranarsu kuma ba ta san sallama ba. Na yi ta jiran magariba har na gaji na fara hamma, tana nan a sama kamar baƙon da ya ji ƙanshin miya. Da Iya Dora ta gane ba na cin alade, sai ta ɗauko wani kasko ta goge shi da toka har sau uku, ta rataye shi daban ta ce wannan nawa ne. Ƙwai da dankali ta riƙa soya mini. Na ci na gode, amma Allah ya sani da za a ba ni malmala ɗaya ta tuwo zafi da miyar ayoyo, da na bayar da akwatin nan da abin da ke ciki.

Abin da ya fi kashe mini jiki shi ne yadda jirgi yake hawa tudu. Ka ji na ce jirgi yana hawa tudu, kada ka ce Isaka ya fara. In an zo gindin tudu, akwai wani ɗaki na dutse a cikin ruwan, ba rufi, ƙofar katako gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ta baya. Sai a murɗa wani ƙarfe, ruwan sama ya riƙa kwararowa ciki yana tafasa, jirgi da kwal da Iya Dora da butar shayinta duk su riƙa tashi a hankali, har su yi daidai da ruwan gaba. A buɗe ƙofa a wuce. Karon farko da na gani sai da na yi kabbara da ƙarfi har Kyaftin ya waiwayo.

Amma da na ga yadda ake zubar da ruwan ɗakin nan gaba ɗaya don jirgi na gaba ya shiga, sai na ce wannan ai ɓarna ce. Wanda bai yi rani a Tamale ba ba zai gane ba. Mu ne mutanen da uwayenmu suke tafiya dam da tulu, su durƙusa suna kankarar ƙasa da ƙoƙo, su dawo da ruwa mai launin koko. Bokiti ɗaya a yi wa jariri wanka, a wanke tsummansa, abin da ya rage a ba akuya. A wurinmu in ka ga bangon dam yana yoyo, ba ka zuwa neman kowa. Da abin da ke hannunka za ka toshe, ko da rigar jikinka ce, sannan ka yi kururuwa. Wanda aka ji ya ga yoyo ya wuce, ko gaisuwarsa sai an yi shawara kafin a amsa.

Na ce, "Baba, ruwan nan ina za shi?"

Ya ce, "Ƙasa."

"Daga can fa?"

"Teku."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Na ce tun da jirgi ba ya hawa sai da haka, ai aiki ruwan ya yi.

Juma'a da yamma muka iso wani ɗan gari, gidaje jajaye a jere bakin ruwa, da coci mai tsini, da gada mai ƙusumbi. Mun hau ɗakin ruwan farko muka ɗaure a samansa, na biyu yana can gaba kaɗan. Jirage sun cika wurin, ana ta rataye tutoci. Baba Haro ya ce gobe bikin garin ne na kowace shekara, ba jirgin da ke wucewa sai an yi jerin gwanon jirage da la'asar, kuma shekara da shekaru Kyaftin bai taɓa fashin wannan jeri ba. Ya ga fuskata ta canza, ya ce in kwantar da hankalina: mu tashi Asabar da yamma, mu yini muna tafiya Lahadi, Litinin ina gaban shanuna. Amma fa ba rarar ko rabin yini.

Asabar da sassafe na fita yin alwala, gari tsit, sai na ji wata ƙara, shaaa, ba tsayawa. Na bi ta. A gefen ɗakin ruwan da muka hau jiya, sai ga ruwa yana tsallake wani leɓen dutse yana gangarawa cikin wani rami yana tafiyarsa. Na duba gaba, na duba baya, ba jirgi ko ɗaya da ke motsi. Ba aikin da ruwan nan yake yi. Zuba kawai yake, kamar jinin sa a mayanka. Na ce, wayyo, bangonsu ya fashe, su kuwa biki ya ɗauke musu hankali.

Ban tsaya tunani ba, ƙafafuna ne suka yi tunanin. Na koma jirgi na sunkuto katako biyu dogaye da Baba Haro yake takawa a kan kwal, na kwaso buhuna, na ɗauki shebur. Na gicciye katakon a bakin dutsen, na cika buhuna da ƙasa na danne, na yanko ciyawa da saiwarta na liƙe duk wata kafa, na tattake da dunduniya yadda ake yi a gida. Ƙarar ta ragu, ta ragu, ta mutu. Wallahi ban taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba. Na wanke hannu, na yi sallata, na yanke shawarar ba zan gaya wa kowa ba. Bari su gano da kansu. Har na fara shirya abin da zan ce in an kira ni kan dandamali a gode wa Tamale.

Filin bikin wata makiyaya ce kore shar a gefen kanal, ta ɗan yi ƙasa da shi. Da hantsi ya yi, sai na ga abin da har gobe in na rufe ido ina gani. Jiragen da jiya suke baƙi ƙirin da kwal, yau kowanne ya fito da zanen furanni da gidajen sarauta, har bokitin ɗiban ruwa an yi masa ado. Kyaftin ya sha tagulla tun daga goshi har ƙirji, Iya Dora ta saƙa masa 'yar hular kunne, yana tafe yana yanga sai ka ce shi ya haƙa kanal ɗin. Ga makaɗa cikin jajayen kaya da kakaki iri-iri, ɗaya ma ƙahon nasa ya naɗe shi kamar mesa, fuskarsa kaɗai ake gani. Ga 'yan mata suna zagaya wani dogon itace da ƙyallaye masu launi, suna shiga suna fita, har suka yi masa kitso tsaf ba wadda ta harɗe. Sai ga wasu ƙatti da fararen kaya, da ƙararrawa a ƙwauri, suna tsalle suna buga sanduna, kau, kau. Na ce, la ilaha, takai! Rawarmu ta Dagomba sak, sai dai su ba su da kwankwaso. Nan fa ƙwalla ta cika mini ido, na tsaya ina kaɗa kai ni kaɗai.

An gitta wani gungume a kan ruwa an shafe shi da maiƙo, maza biyu su hau su yi ta dukan juna da matashin kai har ɗaya ya faɗa. Limamin coci da kansa ya hau, mahaucin garin ya aika shi ruwa da bugu ɗaya, matar limamin ta fi kowa tafi. A cikin wata babbar rumfar tamfol kuma an jera kayan gona ana gasa. Na ga albasa kamar kan jariri. Na ga kabewar da in ka rarake ta za ka iya ba baƙo masauki. Gefe guda tsofaffin mata sun jera kek hawa-hawa, alƙalai suna ɗanɗanawa da fuska a murtuke kamar masu shari'ar gado. Wata tsohuwa ta kama hannun batakarina tana shafawa tana tambayar wa ya saƙa, ta cika mini kofi da shayi har sau uku. Na ce a raina, mutanen kirki, ba su ma san abin da na yi musu ba tukuna.

Wajen azahar na ji ƙafata ta yi sanyi. Na duba, ciyawa tana ƙyalli. Na ce raɓa ce. Sai na ga raɓar tana tafiya. Daga bakin kanal ruwa yake malalowa, shimfiɗe, ba hayaniya, kamar mai jin kunya. Kafin a ce haka ya kai idon sawu. Mai ƙahon mesa ya ja da baya ya zame ya zauna daɓas, ƙahon ya yi wani kuka irin na saniya mai naƙuda. Tsofaffin mata suka tattare siket suka ɗaga kek sama suna ihu. Masu takai ƙararrawarsu ta daina ƙara. Kabewar nan kuwa, ni dai na ga ta motsa, wasu sun ce ba ta motsa ba, amma ni na ga ta nufi ƙofa.

Ni ma ina cikin masu cewa, "Daga ina? Daga ina?" Har ga Allah ban kawo aikina a rai ba.

Sai ga wani dogon tsoho da hular ma'aikata yana ratso taro, gashin bakinsa yana rawa. Shi ne mai kula da ƙofofin ruwan garin, ni Sarkin Ruwa nake ce masa. A kafaɗarsa ga katako ɗaya yana ɗigar laka, bakinsa da fenti ja da kore, da sunan Baba Haro ɓaro-ɓaro. Ya jefar da shi a gaban Baba Haro.

Ya ce, "Harol, shekara talatin ina buɗe maka ƙofa. Wane ne ya toshe mini mazubar ruwa?"

Baba Haro ya dubi katakon. Ya dubi lakar da ke ƙafar wandona. Ya mayar da idonsa kan dokinsa, ya ce, "Katakona ne."

"Na san katakonka ne. Wa ya sa shi?"

"Na ce katakona ne."

Sarkin Ruwa ya ce to shi ke nan. Zai sa wa jirgin sarƙa da kwaɗo, ba jeri, ba wucewa, sai babban jami'i ya zo ranar Laraba ya yi bincike.

Laraba! Na yi lissafi a raina. In na yi shiru, jirgi ba ya motsi, gona ta tafi. In na yi magana, wa ya sani, ko ɗan sanda ne zai raka ni, gona ta tafi, har da ƙarin suna. Ga Baba Haro kuma ya tsaya zai sha dukan da ba nasa ba. Iya Dora kuwa kallona kawai take, irin kallon da uwa take yi wa ɗa in ta san shi ya shanye nonon.

Na fito. Na cire takalmi, na durƙusa a cikin ruwan nan yadda muke durƙusa wa sarki a gida, ina ɗan tafa hannu a hankali. Sarkin Ruwa ya ja da baya, ya ce, "Me yake yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Baba bai sani ba, yana barci. Na ga bangonku ya fashe ruwa yana zuba a banza, na gyara muku."

Ya ce, "Ka gyara?"

Na ce, "Da kyau ma, ranka ya daɗe."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, aka ce masa ya yi shiru. Matar limamin coci, da kek a hannu, ta ce a bar ni in yi bayani. Na tattaro ɗan Turancin da ke gare ni na ba su labarin dam ɗinmu, da tulu, da ƙoƙo, da bokitin jariri da akuya. Na ce a garinmu wanda ya ga ruwa yana gudu bai tare shi ba, ba mutum ba ne. Sai da na fara magana na san kewar gida ta taru mini haka.

Sarkin Ruwa ya sunkuyo. Sannan ya ce in tashi, gwiwata za ta yi sanyi. Ya kama hannuna ya ja ni har kan gada, ya nuna mini wasu duwatsu can nesa, shuɗi-shuɗi, hadari yana zaune a kansu. Ya ce daga can ruwan yake zuwa, dare da rana. Wurin da na toshe ba fashewa ba ce, da gangan aka gina shi, don in ruwa ya yi yawa ya sami hanyar wucewa. Kakansa ya riƙe ƙofar nan, ubansa ya riƙe, bai taɓa jin ranar da ƙarar nan ta tsaya ba sai yau.

Na ce, "Da rani fa?"

Ya ce, "Ai ranin ke nan kake ciki."

Na riƙe ƙarfen gada. Na dubi duwatsun, na dubi koren da ya shimfiɗu har iyakar gani, na dubi ruwan da yake bin ƙarƙashinmu ba mai ƙirga shi, ba mai gadinsa da sanda. Na tuna uwata da ƙoƙonta. Na ce, "Allah mai iko." Ya tambaye ni me na ce, na fassara masa, ya ce shi ma wani lokaci yakan faɗi haka, amma in ruwan ya shigar masa ɗaki.

Da muka sauko ya yanke hukunci a gaban kowa. In filin nan ya tsane har makaɗa suka sami wurin tsayawa kafin agogon coci ya buga huɗu, ba sarƙa, ba jami'i. In bai tsane ba, maganarsa ta farko tana nan.

Na tuɓe batakari na ba Iya Dora. Na faɗa kanal har ƙirji, sanyi ya soke ni har cikin haƙori, na shiga rushe aikina. Nan na gane na yi shi da kyau fiye da kima, don sai da mahauci da masu takai biyu suka shigo muka haɗu muka ciro buhunan. Ƙarar ta dawo, shaaa, mutane suka yi tafi. Sannan na ɗauki shebur na auna gangaren filin da ido, na ja kwari uku zuwa wani rafi da ke ƙasa, yadda muke yi a gonar doya in ruwa ya kwanta. Da suka ga ruwa yana bin shebur ɗina kamar akuya tana bin mai dusa, sai maza suka tuɓe kwat suka kama. Limamin coci, da ma a jiƙe yake, ya fi kowa haƙa. Na ɗora benci biyu a ka na kai tudu ba tare da na riƙe ba, yara da manya suka bi ni suna ihu, wasu sun ɗauka yana cikin wasannin bikin. Iya Dora tana gefe da butar shayi tana cewa, "Haƙa, ɗana, haƙa, kada ka tsaya kallon mata!"

Agogo ya buga huɗu mai ƙahon mesa yana tsaye a kan ƙasa, da laka har gwiwa, amma a tsaye. Sarkin Ruwa ya zagaya filin yana danna dunduniya, ya dawo ya mayar da kwaɗonsa aljihu. Aka yi jeri. Kyaftin a gaba, tagulla tana walƙiya, jirage suna biye ɗaya bayan ɗaya, kiɗa yana tashi, furanni suna faɗowa daga kan gada. Ni ina tsaye a kan kwal a naɗe cikin bargon Iya Dora ina atishawa, mutane suna ɗaga mini hannu suna kiran sunan garinmu a karkace. Tsohuwar nan mai shayi ta biyo jirgi da gudu-gudu ta miƙo mini rabin kek a takarda. Da muka wuce ƙofa ta biyu, Baba Haro ya dube ni. Sannan ya ce, "Katakona ɗaya ya tsage." Na ce Allah ya ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, shekara talatin yana zuwa bikin nan, yau ne kaɗai bai yi gyangyaɗi ba.

Lahadi muka yini muna tafiya ba hutu. Litinin da sassafe suka sauke ni a gindin gada. Iya Dora ta cusa mini dafaffen ƙwai a aljihu, ta juya da sauri wai hayaƙi ya shiga idonta. Na shafa wuyan Kyaftin, na ɗora akwati a ka, na hau tudu.

Mai gonar yana bakin garke, wani ƙaƙƙarfan dattijo da takalmin roba. Na miƙa takarda, ya karanta, ya dubi agogo, ya ce na zo a kan kari. Sai ya sake duba takardar, ya ɗago.

Ya ce, "Tamale? Ƙanwata tana cikin masu gasar kek ranar Asabar. Kai ne?"

Na gyara tsayuwa, na buɗe ƙirji. Na ce, "Ni ne, Maigida. Ni ne na tsayar da kogin, ni ne kuma na sake shi."

Ya jinjina kai, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce, "To, madalla. Ga shanu can, ka taɓa duk wadda ka ga dama. Amma in za ka sha ruwa, ka kira wani ya buɗe maka famfo."